Kwarin Fiemme na Italiya: Inji na ƙera dusar ƙanƙara, amma ba ya ƙera sanyi

A ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairun kowace shekara, mutum kusan 7,000 daga ƙasashe daban-daban kan yi sammako a garin Moena da ke tsaunukan Dolomites, a arewacin Italiya, domin tseren da ake kira Marcialonga, wato doguwar tafiya.

Nisan tseren kilomita 70 ne, ya kusa kai tsakanin Kaduna da Zariya. A kan dusar ƙanƙara ake yin sa, kowa da siraran alluna biyu ɗaure a ƙafa da sanduna biyu a hannu. Za su haura zuwa garin Canazei, su juyo su bi gaɓar kogin Avisio su gangara kwarin Fiemme, sannan su ƙare da wani hawa mai tsinka numfashi zuwa tsakiyar garin Cavalese.

Wanda ya kalli hotunan tseren na shekarun baya-bayan nan zai lura da wani abu. Sau da yawa hanyar ce kaɗai fara, hagu da dama kuwa sai busasshiyar ciyawa. Injina ne suka ƙera dusar, manyan motoci suka yi jigilarta, aka shimfiɗa ta kamar tabarma daga wannan ƙauye zuwa wancan.

Masu shirya tseren sun cancanci yabo kan wannan ƙoƙari, domin da shi ne al'adar ta kai yau. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Dusar inji jinkiri kawai take saya wa kwarin, kuma lokaci ya yi da mutanen Fiemme za su sa mata iyaka, irin iyakar da kakanninsu suka sa wa saran daji shekaru 900 da suka wuce.

Wane irin wasa ne wannan?

Wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara iri biyu ne manya. Akwai na gangara, inda ake ɗaukar mutum a kujerun da ke tafiya a kan waya zuwa ƙololuwar dutse, ya sulalo ƙasa da gudu. Akwai kuma na dogon zango, wanda shi ne na Fiemme, inda mutum ke tura kansa da ƙarfin ƙafa da damtse, a fili da hawa da gangara, ba inji ba mai ɗauka.

Allunan na dogon zango sirara ne, faɗinsu bai wuce yatsu uku ba, kuma yatsun ƙafa kaɗai ake ɗaurewa, diddige a sake yake. A salon gargajiya, ana sa allunan a cikin layuka biyu da aka tsaga a kan dusar, ana tafiya kamar mai taku yana sulɓewa. A ɗaya salon kuma, ana tura ƙafa gefe-gefe. Tun daga 2003 salon gargajiya kaɗai ake yi a Marcialonga.

Asalinsa hanyar sufuri ce. Mutanen arewacin Turai da shi suke zuwa farauta da kasuwa da ziyara idan dusa ta rufe hanyoyi. Shi ya sa har yau ya fi na gangara sauƙin kuɗi, kuma yaro da tsoho duk suna iya yin sa.

Najeriya ma tana da ƙafa a ciki. Samuel Ikpefan, wanda aka haifa a Faransa kuma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya wakilci ƙasar a wannan wasa a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Bejin a 2022. Shi ne ɗan wasan zamiya da alluna na farko da ya ɗaga tutar Najeriya a gasar.

Yadda kwari ɗaya ya zama cibiya

Mutanen kwarin Fiemme ba su wuce kimanin 20,000 ba, a warwatse cikin ƙananan garuruwa irin su Cavalese da Tesero da Ziano da Predazzo, a lardin Trento. Amma a wannan wasa sunansu ya kai ko'ina.

A 1968, wani ɗan garin Castello di Fiemme mai suna Franco Nones ya ci lambar zinare a tseren kilomita 30 a gasar Olamfik ta Grenoble a Faransa. Kafin shi, 'yan arewacin Turai da Tarayyar Sobiyet ne ke raba zinaren wannan wasa a tsakaninsu. Nasarar ta zaburar da matasan yankin.

Bayan haka, wasu abokai huɗu da suka je Suwidin suka shiga tseren Vasaloppet mai kilomita 90 suka dawo da shawarar a yi irinsa a gida. An yi Marcialonga na farko ranar 7 ga Fabrairun 1971, da mutum sama da 1,000.

Abin da ya bambanta tseren shi ne ba a daji ake ɓoye shi ba. Ta tsakiyar garuruwa yake ratsawa, ta gaban shaguna da majami'u da makarantu. Masu aikin sa-kai fiye da 1,000 ne ke raba shayi da abinci, suna tare hanyoyi, suna cike gurbin da dusa ta zaizaye da shebur. Akwai kuma tseren yara da ake yi kafin babbar ranar. Wanda ya zo na ƙarshe, bayan duhu ya yi, ana rataya masa kambin ganye kamar yadda aka rataya wa zakara.

Daga nan manyan gasanni suka biyo. Kwarin ya karɓi baƙuncin gasar zakarun duniya sau uku: 1991 da 2003 da 2013. A nan ne kuma ake rufe gasar Tour de Ski a kowane Janairu, da hawan dutsen Alpe Cermis, inda 'yan wasa ke haura gangaren da aka tanada domin masu sulalowa. Da aka bai wa Milan da Cortina gasar Olamfik ta hunturu ta 2026, filin Lago di Tesero aka ɗora wa tseren dogon zango, Predazzo kuma wasan tsalle daga tudu.

Otal-otal da gidajen abinci da masu ba da hayar alluna da masu koyar da wasa, duk da wannan suke ci. Idan hunturu ya zo babu dusa, albashin dubban mutane ne ke rawa.

Sanyin yana janyewa

Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, zafin tsaunukan Alps ya ƙaru da kusan digiri biyu a ma'aunin Salshiyas, kusan ninkin abin da duniya ta gani a dunƙule.

Wani bincike da masanan cibiyar Eurac da ke Bolzano suka jagoranta, aka wallafa a 2021, ya duba bayanan tashoshin auna yanayi sama da 2,000 daga 1971 zuwa 2019. Ya gano cewa a wuraren da tsayinsu bai kai mita 2,000 ba, lokacin da dusa ke kwance a ƙasa ya ragu da kwana 22 zuwa 34. Wata guda ke nan ya fita daga hunturu a cikin shekara 50.

Nan ne matsalar Fiemme take. Masu wasan gangara suna iya ƙara hawa sama su bi sanyi. Tseren dogon zango kuwa a gindin kwari yake, inda mutane ke zaune. Filin Lago di Tesero yana kan tsayin kimanin mita 900 ne kawai, Cavalese kuma 1,000.

Sau uku rashin dusa ya hana a yi Marcialonga: 1975 da 1989 da 1990. Tun daga nan ba a sake fasawa saboda haka ba, ko da yake a wasu shekarun sai da aka rage nisan. Ba wai sama ce ta gyaru ba, injin ne ya shigo.

Wasu alamun ma sun fi haka muni. Ranar 3 ga Yulin 2022, wani ɓangare na daskararriyar ƙanƙarar dutsen Marmolada, mafi tsayi a Dolomites, ya ɓalle a cikin tsananin zafi ya kashe masu hawan dutse 11. A ƙarƙashin wannan dutse garin Canazei yake, inda masu tseren ke juyowa.

Abin da inji ke ci

Ƙera dusa ba sihiri ba ne. Ana tura ruwa da ƙarfi ta ƙananan ƙofofi, fanka ta fesa shi cikin iska, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Kubik mita ɗaya na ruwa, wato lita 1,000, kan ba da kimanin kubik mita biyu zuwa biyu da rabi na dusa. Sai a tara ta tsibi-tsibi a wuraren da suka fi sanyi, a kwashe da motoci, wata mota mai sarƙa ta baje ta ta tsaga layuka.

Ƙungiyar kare muhalli ta Legambiente ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na filayen zamiya na Italiya sun dogara da irin wannan dusa. Kamfanin TechnoAlpin, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera injinan a duniya, a Bolzano yake, maƙwabciyar Fiemme, kuma shi ya samar da injinan da aka yi amfani da su a Bejin.

Masu goyon bayan injin suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe su. Suna cewa ruwan yana narkewa ya koma kogi idan bazara ta zo. Suna cewa hanyar tseren dogon zango siririya ce, abin da take ci bai kai na faffaɗan gangaren dutse ba. Suna kuma cewa in babu tabbacin dusa, baƙo ba zai kama ɗaki tun watanni kafin lokaci ba, matasa kuma za su tattara su koma birane, kamar yadda ya faru a kwaruruka da dama na Alps.

Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai abubuwa uku da hujjar ba ta amsa ba.

Na farko, ruwan ana ɗibar sa ne a watannin da kogunan tsaunuka suka fi ƙafewa, kuma ba duka ke komawa ba, wani yana bin iska. Kogin Avisio a Adige yake zubawa, Adige kuma shi ke shayar da gonaki da garuruwa a ƙasa. A watan Yulin 2022, fari ya sa gwamnatin Italiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a yankuna biyar na arewa, birnin Verona da ke bakin Adige kuma ya taƙaita amfani da ruwan famfo. Na tudu ba zai ce ruwan nasa ne shi kaɗai ba.

Na biyu, injina wutar lantarki suke sha, motocin jigila kuma man dizal. Kuɗin yana ƙarewa ne a kan tikitin mai wasa da kuma baitulmalin lardi. Wasan da aka san shi da sauƙin kuɗi, a hankali yana komawa na masu hali.

Na uku, kuma mafi girma: injin da kansa sanyi yake jira. Sai zafin iska ya sauka kimanin digiri biyu ƙasa da sifili kafin ɗigon ya daskare yadda ake so. Dararen da ake samun haka a gindin kwari suna raguwa. Akwai injinan da ke aiki ko da zafi, kamar firiji, amma wutar da suke sha ta ninka. Duk wanda ke gina makomar gari a kan wannan, yana gini ne a kan abin da ke zamewa.

Dokar da daji ya koyar

Abin mamaki shi ne, Fiemme ba ta buƙatar zuwa ko'ina neman darasi. A 1111, mutanen kwarin suka ƙulla yarjejeniya da Bishof Gebardo na Trento, wadda ta amince musu su riƙa gudanar da al'amuransu. Daga nan aka samu majalisar da ake kira Magnifica Comunità di Fiemme, wadda har yau tana nan.

Majalisar tana riƙe da ƙasa kimanin hekta 20,000, fiye da rabinta daji. Ƙasar ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wani attajiri ba, ta 'yan asalin kwarin ce gaba ɗaya. An kasa su gundumomi 11, masu gidaje ne ke zaɓen wakilai, shugaban kuma ana kiran sa Scario. Suna da masana'antar tsaga katako tasu a Ziano.

Ƙa'idar da ta raya dajin ɗaya ce: ba a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Da ita ne kwarin ya yi ɗaruruwan shekaru yana sayar da katako ba tare da ya zama fako ba. Itacen da suke kira abete rosso, dangin itacen Kirsimeti, ya yi suna wurin masu ƙera gogen Turawa da fiyano saboda yadda yake ɗaukar amo.

Sun kuma ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka saki ƙa'ida. Ranar 19 ga Yulin 1985, madatsun da ake tara dagwalon wata mahaƙar ma'adinai a saman ƙauyen Stava suka fashe. Laka ta gangaro har Tesero, ta kashe mutum 268. Kotu ta samu mutum 10 da laifin sakaci. An gina madatsun a wurin da bai dace ba, an yi ta ƙara musu tsayi, kuma babu wanda ya tsaya ya bincika da gaske.

A ƙarshen Oktoban 2018 kuma, guguwar Vaia ta zo da iska mai gudun kusan kilomita 200 a awa, ta kayar da miliyoyin itatuwa a arewa maso gabashin Italiya. A dare ɗaya Fiemme ta rasa abin da ya ninka saran shekara guda sau da yawa. Bayanta sai ƙwaro mai cin ɓawon itace ya yaɗu a cikin kututturan da suka faɗi, zafi da fari suka taimaka masa ya afka wa masu rai.

Al'ummar da ta ga waɗannan da idonta ba ta da uzurin cewa ba ta san haɗarin ɗibar abu ba lissafi ba.

Gemun maƙwabci

Akwai kuma jarabar manyan gasanni. Bayan Olamfik ta Turin a 2006, hanyar tseren amalanken ƙanƙara da aka gina a Cesana da kuɗi sama da Yuro miliyan 100 an rufe ta a 2011. Tudun tsallen da aka gina a Pragelato shi ma an yi watsi da shi bayan 'yan shekaru. Ƙananan garuruwan ba su da kuɗin kula da su, kuma babu isassun 'yan wasan da za su yi amfani da su.

Duk da haka, Italiya ta sake gina sabuwar hanyar amalanke a Cortina domin 2026, da kuɗi sama da Yuro miliyan 100, aka sare ɗaruruwan itatuwa, alhali kwamitin Olamfik na duniya da kansa ya ba da shawarar a yi amfani da wadda ke akwai a wata ƙasa maƙwabciya.

Fiemme ta fi su dacewa, domin filayenta tsofaffi ne da ake amfani da su kowace shekara, gyara aka yi musu. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kowace babbar gasa tana zuwa da sharaɗin tabbacin dusa, kowane tabbaci kuma yana nufin ƙarin bututu da ƙarin tafki da ƙarin bashi. Wani bincike da Jami'ar Waterloo ta Kanada ta jagoranta a 2022 ya nuna cewa idan hayaƙin da ke ɗumama duniya bai ragu ba, a cikin birane 21 da suka taɓa karɓar Olamfik ta hunturu, Sapporo ta Japan ce kaɗai za a iya dogara da sanyinta a ƙarshen wannan ƙarni.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, a fito da lissafi fili. Masu shirya gasanni da hukumomin lardin Trento su riƙa wallafa yawan ruwa da wuta da man da kowane hunturu ya ci, da kuma wanda ya biya. Mazauna kwarin, da na ƙasa da ke shan ruwan kogi ɗaya da su, suna da haƙƙin sani.

Sannan a sa iyaka tun kafin fari ya tilasta. A ƙayyade adadin ruwan da ba za a wuce ba, kamar yadda ake ƙayyade itatuwan da za a sare. Idan abin da aka ƙayyade bai isa kilomita 70 ba, a yi 50 ko 40. An taɓa rage nisan, kuma tseren bai mutu ba.

A kuma yi amfani da abin da ke akwai. Mashigar Lavazè da ke saman kwarin, a tsayin kimanin mita 1,800, tana da hanyoyin dogon zango da dusar sama ta fi daɗewa a kansu. A Davos ta Suwizalan, suna tara dusa a ƙarshen hunturu su lulluɓe ta da garin katako, mafi yawanta ta tsira har hunturu na gaba. Kwarin da ke da masana'antar katako ba zai rasa garin katako ba.

Idan dusa ta yi ƙaranci, yaran makaranta da ƙananan kulob-kulob na garuruwa su ne ya kamata su fara samu, kafin kyamarorin talabijin. Daga cikinsu Franco Nones ya fito, kuma su ne masu riƙe shebur gobe.

Haka nan a rage dogaro da wata uku na shekara. Masu Marcialonga sun riga sun fara, da tseren keke da na gudu a ƙafa a lokacin zafi, kuma hanyar da ke bin kogin Avisio ta masu keke ce idan dusa ta narke. Kamfanin takalman hawan dutse na La Sportiva a Ziano da na taliya na Felicetti a Predazzo suna ɗaukar ma'aikata rani da damina. Irin waɗannan ne za su riƙe matasa a shekarar da hunturu ya ƙi zuwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da zai dawo da wata gudan da ya ɓace. Wannan aikin manyan ƙasashe masu fitar da hayaƙi ne, ciki har da Italiya, kuma ƙungiyoyin wasannin hunturu, da ke yawo da 'yan wasa da kaya a jirage daga nahiya zuwa nahiya, ba za su wanke hannunsu ba.

Amma abin da ke hannun Fiemme ba kaɗan ba ne. A gangaren da guguwar Vaia ta share, ma'aikatan daji suna dasa itatuwan da sai sun haura shekara 100 kafin su isa sara, kuma babu ɗaya daga cikin masu dashen da zai ga ranar. Majalisar da ke iya yin lissafin shekara 100 a kan itace, ba za ta gaza yin lissafin shekara 20 a kan ruwa ba.